Jinin da Muke Haɗiyewa

Farar rigar makaranta ba ta rufa wa kowa asiri. Ɗigon jini ɗaya ya sauka a ƙirjinta, sai aji kaf ya gani. Ina aji uku na firamare, cikin ayarin yaran da shirin UPE na 1976 ya kwaso daga gidaje zuwa boko, lokacin da haɓo ya zame mini baƙon kowane hunturu. Wata safiya muna tsaye a layi a filin makaranta, hazo ya lulluɓe gari har ana iya kallon rana ido da ido kamar sabon faranti, leɓuna sun tsage, dugadugai sun yi faso. Sai na ji wani abu mai ɗumi yana gangarowa kan leɓena na sama. Na zaci majina ce, na sa bayan hannu na share. Da na duba, ja wur.

Malaminmu ya taho da sauri yana cewa, "Ɗaga kanka sama! Kalli sama!" Aka tura monita ya ɗebo ruwa a randar ofis, aka kwarara mini a tsakar ka cikin wannan sanyin, ruwan ya bi ta wuya ya shige riga. Wani abokina ya ɓalle hoge daga katanga, ya tsoma a ruwa, ya kanga mini a hanci wai in shaƙi ƙamshin ƙasa. Ni kuwa ina tsaye na tasa ido sama, ina jin wani ɗanɗano kamar na tsatsar ƙarfe yana tsiyaya a maƙogwarona, ina haɗiyewa, ina ƙara haɗiyewa. Da aka ga ba abin da ke ɗiga a ƙasa, aka ce alhamdu lillahi ya tsaya. Ba a tashi tara ba na kwara amai a bayan aji, baƙi-baƙi mai gudaje, aka ce in tafi gida.

Inna ta tarbe ni a bakin zaure, ta ga rigar, ta dafe ƙirji. "Ɗan nan, haɓon ne kuma?" Tun kafin ta tambaye ni ko na karya, ta tuɓe rigar ta jiƙa a ruwan sanyi, don ta san jini in ya sha ruwan zafi ya zauna a tufa ke nan har abada. A wurinta haɓo zafi ne da ya hau ka, shi ya sa ake kashe shi da ruwa. Gwaggo cewa take jini ne ya yi wa yaro yawa, jiki ke ragewa, a ƙyale shi. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta fi karkata ga baki da ido, ta ce a nemo rubutu. Dukansu suna ƙaunata ƙauna ta gaskiya, amma ba wadda ta taɓa kai hannu ta matse hancin.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Idan yaro ya yanke a yatsa da reza, ba sai an gaya wa kowa ba, danne wurin ake yi. Wanzami in ya gama ƙaho, danne wurin yake. Tun kaka da kakanni mun san dannewa na tsayar da jini. Da aka zo kan hanci sai wannan sanin ya kuɓuce mana, saboda ba ma ganin raunin. Muna zaton daga can cikin ka jinin ke tahowa, wasu ma su ce daga ƙwaƙwalwa, inda yatsa ba ya kaiwa. Shi ya sa muka koma ga abin da zai kawar da jinin daga idanunmu. Ɗaga kai ba ya tsayar da haɓo, hanya kawai yake sake masa. Maimakon ya zuba ƙasa a gani, sai ya bi ta bayan hanci ya gangara maƙogwaro ya tafi ciki. Hankalin babba ya kwanta, yaro kuwa na ta shan jininsa. Ciki ba ya jure jini, sai ya tayar da zuciya ya dawo da shi, kuma yunƙurin aman kansa na iya sake tayar da haɓon. Wanda ya kwanta rigingine ko hankalinsa ya fara gushewa, shi jinin na iya shaƙe shi ma.

Haɓo na cikin abubuwan da muka karanta tun muna yara, sai dai ta wata fuskar. A makarantar zaure, duk wanda ya kai Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya tarar da hukuncin wanda ya yi haɓo yana bin liman. In ɗan kaɗan ne, ya murje shi da yatsu ya ci gaba da sallarsa. In yana ɗiga ko yana zuba, ya fita ya wanke ya dawo ya yi gini a kan abin da ya riga ya sallata, muddin bai yi magana ba, bai kuma taka najasa ba. Muwaɗɗa ta Imamu Malik na da babi a kansa, Muhtasar na Shehu Halil ya ware masa fasali guda, har ya ce mai haɓon ya fita yana riƙe da hancinsa. Bukhari ya kawo cewa Sayyidina Usman ɗan Affan ya yi haɓo mai tsanani a wata shekara da aka yi wa laƙabi da shekarar haɓo, har ya hana shi zuwa hajji, har ya yi wasiyya. Ashe matsalar tsohuwa ce, kuma manya sun ɗauke ta da muhimmanci. Mun haddace yadda ake tsare salla idan haɓo ya zo. Yadda ake tsayar da shi kansa haɓon ba aikin littafin fiƙihu ba ne, kuma ba wanda ya koya mana shi a wani wurin.

Ni ban koya ba sai daren Baffa.

Baffa ƙanen mahaifinmu ne, ya haura sittin a lokacin. Likita ya taɓa gaya masa yana da hawan jini, ya sha maganin wata biyu, da ya ji garau ya ajiye. Abin da bai ajiye ba shi ne asfirin, wanda wani abokinsa ya ce masa yana tsinka jini, kullum sai ya haɗiyi ƙwaya. Ga kuma maganin ciwon gwiwa da yake saya a kemis safe da yamma. Wani dare cikin tsananin hunturu, bayan isha, ya fito daga ɗaki da gefen rawani a hanci. Muka yi masa abin da muka sani, kuma da iyakar ladabi muka yi. Muka shimfiɗa tabarma muka kwantar da shi rigingine, muka ɗora jiƙaƙƙen tawul a goshinsa, muka cusa auduga a kafofin hancin biyu. Can ya ce, "Ku kwantar da hankalinku, ya tsaya." Ina zaune gefensa da fitila, ina ganin zakaran wuyansa yana hawa yana sauka ba ƙaƙƙautawa, ban fahimci abin da nake gani ba. Aka kira mai kemis na unguwa, ya zo ya yi masa wata allura da ya ce ta tsayar da jini ce, bai auna jininsa ba, bai tambayi abin da yake sha ba, ya karɓi kuɗinsa ya tafi.

Dare ya raba, Baffa ya yunƙura ya ce a ba shi kwano. Abin da ya amayar gudaje ne kamar an yayyanka hanta, har suka rufe gindin kwanon. Gumi ya keto masa cikin sanyin nan, hannuwansa suka yi sanyi ƙalau, da ya so miƙewa sai jiri ya kwashe shi. A motar maƙwabci muka kai shi asibiti, kansa a kan cinyata, kuma har a motar ina tallafe haɓarsa sama.

Nas ɗin da ta karɓe mu ba ta ɓata lokaci wajen yi mana faɗa ba. Ta zaunar da shi tsaye, ta sunkuyar da kansa, ta kara masa tasa a haɓa. "Baba, kada ka haɗiye. Tofar, duk abin da ya zo bakinka tofar." Ta juyo gare mu da tambaya biyu. Tun ƙarfe nawa ya fara? Muka kalli juna, wani ya ce bayan isha, wani ya ce kafin ta. Wane magani yake sha? Nan ma sai da aka koma gida aka kwaso kwalayen. Likita ya haska bakin Baffa da ƴar fitila, ya kira ni ya nuna mini: ga jini nan yana bin bangon maƙogwaro siriri, bai taɓa tsayawa ba tun farkon dare. Suka zura masa wata roba mai balan-balan a baki ta cikin hanci har baya, suka hura ta, suka cika gaban da bandeji mai maiƙo. Kwana uku ya yi da ita, aka ƙara masa jini leda biyu. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya rayu shekaru bayan haka, amma mu da muka kwantar da shi da hannunmu mun san saura ƙiris.

Gab da asuba, ina zaune a benci, nas ɗin nan ta fito ta zauna kusa da ni ta huta. Na tambaye ta me ya kamata mu yi da ba mu yi ba. Ta ce, "Malam, taɓa karan hancinka, can sama. Me ka ji?" Na ce ƙashi. Ta ce, "To ka matsa shi har gobe, ba abin da zai tsaya. Sauko da yatsunka ƙasa. Nan, inda yake da laushi. Matse har kafofin biyu su rufe." Na matse hancina a bencin asibiti, ni malamin makaranta mai ƴaƴa, ina koyon abin da bai fi minti ɗaya a koya ba.

Daga baya na bi maganar a littattafai. Tsakanin kafofin hanci biyu akwai shamaki na guringuntsi, lulluɓe da tantani mai laushi. A gaban shamakin nan, daidai inda ɗan yatsan yaro ke kaiwa in yana ƙwaƙular tasono, ƙananan jijiyoyin jini da ke zuwa daga sama da ƙasa da baya suke haɗuwa su yi saƙa, kusa-kusa da fatar waje. Wani likitan Amurka, James Little, ya yi bayanin wurin a 1879, wani Bajamushe, Wilhelm Kiesselbach, ya ƙara fayyace shi a 1884, kuma har yau da sunayensu likitoci ke kiran wurin. Kimanin haɓo 9 cikin 10 daga nan yake fitowa. Ba daga ƙwaƙwalwa ba, ba daga tsakar ka ba inda muke kwarara ruwa. Daga wurin da yatsu biyu ke iya dannewa daga waje. Aikin jijiyoyin nan su ɗumama iskar da muke shaƙa su kuma jiƙa ta. Idan iskar hunturu ta taso daga hamada tun daga Nuwamba har zuwa Maris, busasshiya, ɗauke da ƙura, tantanin sai ya bushe ya tsage kamar yadda leɓe ke tsagewa. Mura ta zo, a yi ta fyacewa, farce ya ɓamɓare ɓawon da ya fara warkewa, shi ke nan. Likitoci na cewa kusan mutum 6 cikin 10 sai sun yi haɓo ko sau ɗaya a rayuwarsu, kuma ya fi yawa ga yara ƴan ƙasa da shekara 10 da manyan da suka haura 50.

Abin yi kuwa ba shi da wuya, haƙurinsa ne da wuya. Mutum ya zauna, kada ya kwanta. Ya ɗan sunkuyar da kai gaba, ya matse wurin laushin nan da babban yatsa da manuni, ya buɗe baki yana numfashi, duk abin da ya gangaro baki ya tofar. Sannan ya riƙe minti 10 zuwa 15 ba saki. A nan kusan kowa ke faɗuwa, domin bayan minti biyu sai a ce bari a duba. Jiki yana gini ne a bakin jijiyar: wasu ƙananan ƙwayoyin jini su taru su toshe ɓular, sannan wani zare-zare ya saƙu a kansu ya zama guda. Wanda ke saki yana leƙawa kamar manomi ne da ke tono iri kowace safiya ya ga ko ya tsiro. In an saki bayan cikar lokaci aka ga bai tsaya ba, a sake riƙewa wani minti 15. Ƙanƙara a cikin tsumma, in akwai, ana iya ɗorawa a karan hanci, amma ba ta maye gurbin matsewa. Cusa auduga ko takarda ko tsumma kuwa ban ga amfaninsa ba sai ɓarna: yana kankare tantanin wajen shiga, wajen fita kuma ya taho da gudan da aka sha wahalar ginawa.

Bayan ya tsaya ma da sauran kula, na yini guda aƙalla. Ban da fyace hanci, ban da ƙwaƙula, ban da ɗaukar kaya mai nauyi ko shan shayi mai tururi. Na ga mutane da yawa haɓonsu ya dawo a wurin alwala, saboda sun shaƙa ruwa da ƙarfi sun fyace da ƙarfi. Shaƙa ruwa da fyacewa sunna ce a mazhabarmu ta Malikiyya, ba farilla ba. Mai sabon rauni a hanci ya yi ta a hankali, ko ya tambayi malaminsa. Ɗan basilin kaɗan a bakin kafar hanci safe da dare na hana tsagewa, haka ɗigon ruwan gishiri da ake sayarwa don hanci. Iyayenmu sun san a shafe yaro da man kaɗe da hunturu tun daga fuska har ƙafa, kafar hanci kawai suka tsallake. Man zafi da wasu ke cusawa a hanci don mura, shi ƙara fusata tantanin yake.

Duk wannan maganar haɓon gaba ce, irin nawa na yarinta. Na Baffa wani abu ne daban, kuma rashin rarrabe su ne ya kusa kashe shi. Can bayan hanci akwai jijiya mafi kauri, wadda yatsa ba ya kaiwa. In ita ta fashe, jinin kan fito ta kafofin biyu ko ya yi ta bin maƙogwaro ko da an sunkuya, kuma galibi manya take samu, waɗanda jijiyoyinsu suka fara tauri. Likitoci ba su gama daidaita baki a kan ko hawan jini ne ke fasa jijiyar ba, amma sun san in ta fashe ga mai hawan jini tsayawarta da wuya. A Najeriya kimanin manya 3 cikin 10 na da hawan jini, da yawansu ba su sani ba. Har yanzu ina jin masu cewa haɓo ai rahama ce ga mai hawan jini, da jinin bai fita ta hanci ba da a ka zai fashe. Wannan magana ba ta da tushe, kuma ta sa an bar dattawa suna zubar da jini ana musu barka. Sai kuma asfirin. Ƙwaya ɗaya na kashe ƙarfin ƙwayoyin nan masu toshe rauni har tsawon rayuwarsu, kwana 7 zuwa 10. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac su ma suna rage musu ƙarfi. Wanda likita ya ɗora a kan asfirin ko warfarin saboda zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, kada ya yanke da kansa don ya yi haɓo; ya je ya gaya wa wanda ya rubuta masa. Wanda kuwa aboki ne ya rubuta masa a majalisa, shi ne nake jin tsoronsa.

Idan na waiwaya, sai in ga zamani ya ba mu da hannun dama ya kuma ƙara mana kaya da na hagu. A daren Baffa ba wanda ya san ƙarfe nawa aka fara. Tun da wayar salula ta shigo a 2001, yau kowane aljihu da agogo da fitila a ciki, kuma ana iya kiran mai mota ba sai an buga ƙofar maƙwabci ba. Sassan kunne, hanci da maƙogwaro sun ƙaru a manyan asibitoci, inda yaron da haɓo ya addaba za a shafa masa maganin kashe zafi, a taɓa bakin jijiyar da ɗan tsinke mai sinadari a ƙone ta, ya koma gida a ranar. Amma kuma kemis ya cika kowane lungu, ana sayar da maganin da ke hana jini daskarewa kamar ana sayar da alewa. Na'urar sanyaya ɗaki ta kawo wa masu hali hunturun da ba ya ƙarewa, tana busar da hanci har cikin damina. A da abin da yaro ke cusawa a hanci ƙwayar masara ce ko dutsen ado, a gane bayan kwanaki ta majina mai wari da jini-jini daga kafa ɗaya. Yanzu akwai ɗan batir mai kama da maɓalli, na agogo da kayan wasa, wanda ke ƙona naman hanci cikin sa'o'i kaɗan har ya huda shamakin; shi ba a kwana da shi, ba a kuma ɗiga masa ruwa ko mai, asibiti ake nufa nan take. Ga babura. Wanda ya faɗi ya bugu a ka sannan jini ya fito ta hanci, musamman in ya haɗu da wani ruwa garai-garai, ko amai, ko magagi, wannan ba haɓon hunturu ba ne, ƙashin kai ake tsoro.

Akwai kuma haɓon da ɗan aike ne kawai, saƙon na wani wuri. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, shi ma da rani yake tashi, daidai lokacin da kowa ke ɗora haɓo a kan hazo. Yawancin masu kamuwa ba sa jin jiki sosai, amma wanda ya kwana biyu yana zazzaɓin da maganin maleriya bai taɓa ba, ga ciwon maƙogwaro, sannan jini ya fara fita ta hanci ko dasashi, ba a tsayawa gwada matsewa a gida, kuma mai jinya ba ya taɓa jinin da hannu tsirara. Manomi da kububuwa ta sara a gona na iya dawowa gida da ƙafarsa, sai bayan sa'o'i jini ya ɓalle ta dasashi da hanci da tsohon miki, domin dafinta cinye abin da ke daskarar da jini yake. Mutanen Kaltungo, inda asibitin masu saran maciji yake, sun san wannan sarai. Maganinsa allurar kashe dafi ce, ba ɗaure ƙafa ko tsaga ba. Yaron da ke haɓo a kai a kai, ya ɗashe, yana saurin gajiya, ga tabon kwanciyar jini a jikinsa ba tare da ya bugu ba, a gwada jininsa, don sankarar jini kan fara da irin wannan sallama. Yaron da aka sha wahalar tsayar masa da jini ranar kaciya, ko yarinyar da al'adarta ke zuba fiye da kima ga kuma haɓo, wataƙila gadon rashin daskarewar jini ne, sai a bincika dangi. Saurayi matashi da kafa ɗaya ta toshe masa kullum, daga ita kaɗai jinin ke zuba da yawa, likitan hanci ya kamata ya leƙa, don akwai wani tsiro da samari kawai yake samu. Jariri ɗan ƙasa da shekara 2 kuwa haɓo ba al'adarsa ba ne, ko ɗan kaɗan ne a kai shi a duba.

Ba don in tsorata kowa na jero waɗannan ba. Jini abu ne mai cika ido: cokali ɗaya a farar riga sai ka ce an yanka kaza, alhali jikin babba na ɗauke da wajen lita 5. Mafi yawan haɓo zai tsaya a tsakar gida da yatsu biyu. Abin da nake so a riƙe shi ne iyakar da haƙuri ke ƙarewa. An matse daidai, sau biyu, an kusa rabin awa bai tsaya ba, a tashi. Jinin na kwarara kamar famfo, ko yana bin maƙogwaro duk da an sunkuya, ko mutum ya fara jiri, ya yi fari, numfashi na yi masa wuya, ba sai an jira rabin awar ba. A tafi yana zaune, a sunkuye, hancin a matse, wani ne ke tuƙi ba shi ba, kuma a kwashi kwalayen maganin da yake sha a tafi da su. Wanda ya sunkuya yana ganin abin da ya zuba a kwano, zai iya gaya wa likita ko rabin kofi ne ko kofi biyu. Mu da muka kwantar da Baffa, sa'o'i huɗu muka yi ba mu san yana zubar da komai ba.

A makarantar da nake koyarwa, kowace shekara in hazo ya fara sauka nakan ɗauki minti goma a layin safe in sa yara duka su taɓa ƙashin hancinsu, su sauko ƙasa, su matse. Dariya suke yi saboda muryarsu ta koma ta agwagwa. Yara ba su da wuyar sauyawa. Manya ne in jini ya zubo bakinsu ke riga tunaninsu, ka ji "ɗaga kanka" ta fito kafin su ankara, don da ita aka raine su. Ba na ganin laifinsu. Ni ma har yau, in na ga jini a fuskar yaro, sai na ji hannuna na son zuwa haɓarsa.

Hunturun bara na kai iyali gida gaishe da Inna. Ta tsufa ƙwarai, amma idonta da kunnenta ras. Da hantsi ƙaramar ƴata ta shigo daga wasa, jini ya ɓata mata gaban hijabi, tana kuka. Kafin in miƙe Inna ta riga ta kai hannu randa ta cika moɗa. Na ce, "Inna, don Allah a ɗan dakata mini da ruwan." Ta dube ni, ba ta ce komai ba, ba ta kuma ajiye moɗar ba. Na zaunar da yarinyar a cinyata, na sunkuyar da ita, na matse mata hancin, na ba yayanta wayata na ce ya riƙa faɗa mana minti. Ta tofar sau biyu a ƙasa. A minti na huɗu ta fara mutsu-mutsu tana cewa ya tsaya, na ce mu ƙara kaɗan. Inna ta matso da kujerarta ta tsuguno, ta kama ƙafar yarinyar tana murzawa, ta shiga ba ta labarin Gizo da Ƙoƙi har kukan ya koma shessheka. Da yaron ya ce sha biyar na saki a hankali. Muka zuba ido dukanmu, ba abin da ya ɗigo.

Inna ta leƙa hancin, ta leƙa inda aka tofar, ta daɗe tana kallon ɗan jinin da ƙasa ta fara shanyewa. Ta ce, "Iyakarsa ke nan?" Na ce iyakarsa ke nan, Inna. Ta gyaɗa kai, ta zare hijabin daga wuyan yarinyar, ta jefa a kwano, ta juye ruwan moɗar a kansa.